Saƙo Arba'in da Bakwai a Wayar Baba

4 ga Maris

Injiniya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, da fatan kina lafiya, ya aiki, ya kaɗaici. Ni lafiyata ƙalau, sai gwiwar hagun nan da kika sani. Baffanku da iyalinsa suna gaishe ki. Gwaggonku ta koma gidanta tun makon jiya, yanzu ni kaɗai ce a gidan, kuma hakan bai dame ni ba.

An ce kin kira Baffanku kina ƙorafin wayata a kashe take. E, a kashe take, tana cikin durowa. Wata biyu ke nan duk wanda ya kira abu ɗaya yake faɗi, ni ma abu ɗaya nake mayar masa. Na gaji. Duk mai magana da ni ya ɗauki biro. Wanda ke rubutu yana tunani kafin ya faɗi shirme.

Na buɗe shagon babanku na kwashe kayan. Kekunan ɗinki uku da aka kawo gyara kafin ya kwanta, na mayar wa masu su yadda suka kawo. Ɗaya daga cikinsu ta zauna a bencin nan tana kuka, wai shekara ashirin ba wanda ya taɓa kekenta sai shi. Na tsaya ina kallonta har ta gama, sannan na taya ta ɗaurawa a babur. Filaya da sukuddirebobi da gwangwanayen mai suna cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado. Rigunansa na rabar. Tabaransa na bari. Wayarsa na gyara ta tas na ba Baffanku, tasa ta fashe. Agogonsa yana nan idan kina so.

Yanzu maganar da ta sa na rubuto. Kwana shida kika yi mana. Na ƙirga. Ba zan ce komai a kai ba, sai dai ki sani aiki ba ya binne mutum, mutane ke binne shi, kuma suna lura da wanda ya zauna da wanda ya riƙa duba agogo.

Sannan mutane suna tambayata wane aiki ne wannan da ba ya jira. Da babanku ke amsawa. Shi ya laƙaba miki Injiniya tun kina kwance masa rediyo, shi ya san abin da yake gaya musu. Ni da matar mai kanti ta tambaye ni, na ce rubutu kike yi. Ta ce littafi? Na ce a'a. Jarida? Na ce a'a. Ta ce to Allah ya sa halal ne. Na gama sakandare da sakamako mai kyau, ba za a mayar da ni wadda ba ta san sana'ar 'yarta ba. Ki rubuto min dalla-dalla, da misali.

Ki riƙa cin abinci a kan lokaci. Kada ki wasa da salla.

Mahaifiyarki

*

17 ga Maris

Umma,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarki ta iso jiya, kwana goma sha biyu a hanya. Ina lafiya. Ya gwiwar? Maganin shafawar yana saman firji, ba sai ta kumbura za ki nema ba. Ki gaishe min da Baffa da Gwaggo.

Kwana shida suka ba ni, Umma. Na roƙi goma. Ban duba agogo ba, tikiti nake dubawa. Amma na ji, kuma ki yafe min.

Ga aikina. Manhaja ita ce umarnin da ke sa waya ko kwamfuta ta yi abin da take yi, kuma mutane ne ke zama su rubuta ta. Mutanen nan ba su da haƙurin karatu. Mutum yana tsakiyar aiki sai ya ci karo da abin da bai sani ba, ya buɗe shafinmu, ya karanta na minti ɗaya, ya koma. Ni nake rubuta abin da yake karantawa. Doka ɗaya ce: kada bayani ya wuce kalma ɗari. Editarmu, Almakashi muke ce mata a ɓoye, takan tsaya a bayana da kofin shayi ta ɗora yatsa a allo ta ce, "Ke, wannan jumlar wa ya gayyace ta?" In na ce tana da amfani, sai ta ce, "Kowa ma yana da amfani a gidansu. Cire."

Ga biyu na fassara miki, na wannan makon.

Ma'ajiyar kusa. Mai gyara ba ya tashi zuwa sito duk sanda yake son sukuddireba. Waɗanda ya fi ɗauka suna faranti kusa da hannunsa. Haka manhaja ke yi: bayanin da ake yawan nema sai ta ajiye kwafinsa kusa, don ta huta da dogon zuwa. Ribar ita ce sauri. Haɗarin kuwa, in aka canja na sito, na farantin ya zama tsohon labari. Saboda haka ka yanka masa wa'adi.

Daidaitawa da ajiya. Daidaitawa madubi ce. Abin da ke wayarka shi ke can ma'ajiyar nesa: ka ƙara a nan ya ƙaru a can, ka share a nan ya tafi a can. Ajiya kuwa akwati ce: ka sa kwafi ka rufe, duk abin da ya sami na hannunka bai shafe shi ba. Kada ka ba mutane madubi ka ce musu akwati ne. Ma'ajiyu da yawa suna riƙe abin da aka share na kwana talatin a kwandon shara. Bayan nan babu shi.

Ki nuna wa matar mai kanti na farkon, za ta gane farantin.

Batun wayar Baba, kin kyauta da kika ba Baffa. In mai shago ya wanke waya, ita kaɗai ya wanke. Saƙonnin muryar da Baba ya riƙa ɗaukar min yana kwance suna can ma'ajiya yadda na haɗa. Arba'in da bakwai ne. Uku na ji. A na ukun yana koya min yadda ake gane zaren ƙasa na keken ɗinki ya yi tauri, ya ce, "Tunda ke sana'arki taƙaitawa, ni zan tsawaita, sai ki yi haƙuri." Ban iya buɗe na huɗu ba. Tun da na dawo ban ko leƙa wurin ba. Ina jira in ji na shirya.

Ina son agogon.

'Yarki

*

29 ga Maris

Injiniya,

Assalamu alaikum. Wasiƙarki ta zo jiya. Lafiya nake, gwiwa da sauƙi. Rubutun hannunki ya lalace, kwamfuta ta cinye shi.

Na karanta misalan. Na faranti ya yi, na gane, kuma na ga inda kika samo shi. Matar mai kanti ta ce ashe koyarwa kike yi, na ce mata e.

Na madubi kuma sau uku na karanta.

Wa ya ce miki mai shago na ba? Ni ba na miƙa wa baƙo wayar mijina da muryarsa a ciki, ya zauna yana saurare yana dariya da abokansa. Ranar biyu ga wata na zauna a bakin gado na share su da hannuna, ɗaya bayan ɗaya, sannan Baffanku ya kai ta shago aka wanke. Na yi haka ne saboda katin da kika manna a ƙofar kabad zuwanki na bara. Yana nan, ga abin da ya ce:

"Baba, ka danna jan maɓalli ka yi magana. Duk abin da ka ɗauka yana zuwa ma'ajiya da kansa. Ko wayar ta faɗa ruwa ba a rasa komai ba."

Babu madubi a katin nan. Na ɓamɓaro shi na duba bayansa, nan ma babu.

Ki duba wurin naki ki gani. In suna nan, alhamdu lillahi. In ba sa nan, to ki riƙe wannan: baƙin da ba ki taɓa gani ba kin ba su cikakken bayani, gidanku kin ba su rabi. Mutum ya fara kyautata aikinsa a gida kafin ya kai kasuwa.

Agogon zan ba direban da ke zuwa wajenku tsakiyar wata mai kamawa.

Mahaifiyarki

*

12 ga Afrilu

Umma,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya. Ina fata kina lafiya.

Ba sa nan.

A ofis aka miƙo min wasiƙar. A tsaye na karanta, a bakin injin ruwa, na koma teburina na buɗe wurin. Sunan da na sa masa yana nan, "Baba", ciki kuwa fari fat. Na buɗe kwandon shara, shi ma haka. Kwana talatin ɗin sun cika ran ɗaya ga wata. Da kwana tara na makara.

Na rubuta wa masu ma'ajiyar. Wata ta amsa da ladabi, ta ce bayan wa'adi ko su ba sa iya dawo da shi, ta haɗo min da shafin da ke bayani. Gajere ne, an rubuta shi da kyau.

Na kira Baffa. Akwai sauran hanya guda: share fayil a waya kamar cire suna ne daga ƙofar ɗaki, wani lokaci kayan suna nan ciki har sai an zuba wasu a kansu. Na ce, "Baffa, don Allah kada ka ƙara sa komai a wayar nan." Ya ce, "Ɗiyata, ni me zan sa? Ban taɓa komai ba. Ƙwallo kawai mai shago ya zuba min, wasa goma sha huɗu, sai wa'azi, sai bidiyon bikin 'yar maƙwabcina, shi ma an ce ba wuri, rabi ya shiga." Na ce masa ba komai. Ya ce in turo masa sabuwar caja.

Umma, gaskiyarki. Layi huɗu na rubuta a takarda kafin in kwafe a katin. Na huɗun cewa ya yi, "Kada a share komai a wayar, in an share a nan ya tafi a can." Na dube shi na ce Baba zai tsorata, zai riƙa riƙe wayar kamar ƙwai, ƙarshe ya daina ɗauka. Kuma katin ƙarami ne. Na cire. Ba wanda ya tsaya a bayana, ni na cire.

Akwai kuma wanda ya fi wannan. Wata biyu suna gabana ban sauke kwafi ko ɗaya na ajiye gefe ba. Aikin minti biyar. Da hannun nan na rubuta wa dubban mutane bambancin madubi da akwati, na fassara miki, na sa a ambulan, ban tashi na duba nawa ba. Layin da kika ce kin gyara wayar tas ma na karanta shi, na wuce, hankalina yana kan kwana shida.

Ukun da na ji su ma sun tafi tare da sauran.

Ina zuwa aiki. Shekaranjiya an ba ni bayani kan yadda manhaja biyu ke aika wa juna saƙo, na miƙa kalma ɗari uku da tamanin. Almakashi ta kira ni ta ce, "Wannan bayani ne ko wasiyya?" Ta ɗora yatsa a jumla, na ce in aka cire wani zai yi kuskure. Ta koma wata, na faɗi haka. Ta cire tabarau ta dube ni ta ce in tafi gida.

Ban yi kuka ba. Ina gaya miki ne don na san za ki so hakan.

'Yarki

*

23 ga Afrilu

Injiniya,

Assalamu alaikum. Lafiya nake. An yi ruwa, rufin kicin yana ɗiga a inda ya saba.

Na karanta. Abin da ya tafi ya tafi. Wanda ya yi muryar ma an ɗauke shi ba a nemi shawararmu ba, balle abin da ya bari a waya. Iyayenmu sun rasu ba su bar mana ko hoto ba, mun yi musu addu'a, mun ci gaba da wanke kwanuka. Kin amsa laifinki, wannan tarbiyya ce, na ji daɗi. Amma amsa laifi daban, zama a kansa daban. Ki koma ki yi aikin da ake biyanki. Matar nan da kuke yi wa suna a ɓoye shugabarki ce, ki daina, ba kyau.

Direba ya ce ya ba ki agogon a ƙofar ofis. Ya ce kin rame. Ki ci abinci.

Ki amsa da wuri.

Mahaifiyarki

*

19 ga Mayu

Injiniya,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya. Ni lafiyata ƙalau.

Ba ki amsa ba. Kullum in mai kai wasiƙu ya wuce ina bakin taga ina tsintar shinkafa, ba jiransa nake ba, wurin ne ke da haske. Baffanku ya ce ya same ki a waya, kin ɗauki hutu mako uku ke nan, kuma da ya tambaye ki me kike yi a ɗaki kin ce ba komai. Ya ce min, "Yaya, yarinyar nan muryarta kamar ta mai karanta lambar mota." Na ce ya kula da gidansa.

Tun kina ƙarama ban taɓa dukanki a kan fasa kofi ba. A kan ɓoye fasasshen nake duka. Saboda haka ki karanta wannan a zaune.

Wasiƙarki mai madubi ta zo ran ashirin da takwas ga Maris, da hantsi. Na ce miki sau uku na karanta, gaskiya ne. Abin da ban faɗa ba, tun a karo na farko na gane duka, har layin ƙarshe. Bayaninki ba shi da laifi, ko yaro zai gane. Na tashi na je gaban kalandar kicin na ɗora yatsa a kan biyu ga wata na ƙirga. Saura kwana huɗu. Na san wasiƙa tana cin fiye da goma. Na san wayata tana durowa da caji a cikinta, na san lambarki da ka. Baffanku ma gida uku ne tsakaninmu.

Na buɗe durowar na dubi wayar. Na rufe. Na ɗora ruwan zafi. Washegari na ɗauki biro na rubuta miki abin da kika karanta, na kai gidan waya da ƙafata, a hanya har na tsaya na sayi sabulu. Kowace safiya a kwana huɗun nan sai na dubi kalandar. Ran ɗaya ga wata na yage shafin Maris na kunna murhu da shi.

Za ki tambaye ni dalili. Na tambayi kaina a kan sallaya, ban sami amsar da zan iya tsayawa a kanta ba. Wataƙila girman kai ne, in kira 'yar da na haifa in ce na yi ɓarna, zo ki gyara. Wannan yana ciki. Amma akwai wani. Ranar da zan share su na buɗe ɗaya, na ashirin da wani abu. Yana gaya miki yadda za ki zauna da ni in ba ya nan. Ya ce, "Uwarki in ta yi faɗa, ki duba ko ta ci abinci." Ya yi dariya, tari ya sarƙe shi, sai ga muryata daga nesa ina cewa ya ajiye wayar nan ya sha magani. Na saurara har ƙarshe. Ban ji komai ba. Kamar rediyon maƙwabta. Shekara talatin da huɗu da mutum. Sai na ga in suna nan, wata rana za ki zo ki kunna min su, ki zauna kina kallon fuskata.

Ba na ce shi ne dalilin ba. Na dai faɗa miki abin da ke wurin.

Sannan na bar ki da kayan ke kaɗai, har na yaba miki da kika ɗauka. Wannan ya fi sharewar muni, kuma na san sunansa.

To ga rabo. Layin da kika cire a kati naki ne, da kwafin da ba ki sauke ba. Kwana huɗu nawa ne, kuma a cikinsu ne aka rasa su. Ki ɗauki naki ki bar min nawa. Ki koma aiki. In matar nan ta ce ki cire jumla, ki duba da kyau, in ta cirewa ce ki cire. Ba kowace jumla ce babanku ba.

Ban ce ki yafe min a wasiƙa ta gaba ba. In za ki yi faɗa ki yi, sai dai ki rubuta yadda zan iya karantawa.

Da safen nan ina sharar tsakar gida na ce bari in tuno yadda yake cewa, "Ina makullin shago?" Kullum sai ya tambaya, kullum yana aljihunsa. Kalmomin sun zo daidai, amma muryar ta Baffanku ce. Na tsaya na sake gwadawa, sai ta zo da ta mai sayar da gawayi. Na ƙarasa sharar.

Allah ya jiƙansa, ke kuma ya yi miki albarka.

Mahaifiyarki